Zafi ya hana mu barci, ruwa yana shigo mana gida: da me zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a gidan bulo mai rufin kwano a wajen Ɗorayi a Kano, ɗaki uku da ɗan tsakar gida. Akwai ƙananan yara, ga mahaifiyata ta manyanta kuma tana da hawan jini. 'Yan shekarun nan in bazara ta zo ba ma iya barci a ɗaki, da damina kuma ruwan layi har zaure yake shigo mana. Ana ta cewa sauyin yanayi ne. Shin haka ne? Kuma mai ƙaramin ƙarfi irina me zai yi, da me zai fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya raya zuri'a.

Sauyin yanayi gaskiya ne, kuma yana daga cikin abin da kake ji a jikinka. Shekarar 2024 ta kafa tarihin zafi a duniya tun da aka fara ajiye lissafi. A farkon watan Afrilun shekarar, ana cikin azumi, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma a Kano mun ɗanɗana namu rabon. Ta fuskar ruwa kuma, bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 damina ta farfaɗo, sai dai ta dawo da wani hali: binciken masana ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci sun ninka kusan sau uku a yankin Sahel daga 1982 zuwa 'yan shekarun baya. Wato ruwan da a da zai sauka a hankali cikin kwana uku, yanzu yakan juye cikin awa biyu.

Amma kada a ɗora wa sama laifin ƙasa. Kano dama garin zafi ce, a watan Afrilu digiri 39 ko 40 da rana ba baƙon abu ba ne. Abin da ya canza da hannunmu ya fi yawa: mun bar ginin tubali mai kauri da rufin azara mun koma bulo da kwano, mun sare bishiyar tsakar gida mun malale wurin da siminti, mun cike kududdufan da ke shanye ruwan unguwa mun yi shaguna a kansu. Wannan kashin shi ne wanda kai za ka iya taɓawa, kuma a kansa zan fi daɗewa. Ƙa'idar da zan ba ka ita ce: kuɗinka na farko ya tafi kan rufi da hanyar ruwa, na'ura ta biyo baya. Kuma kowane aiki a yi shi kafin lokacinsa ya kama, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da rufi, domin ta nan mafi yawan zafin ɗakinka ke shigowa. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka wajen ƙarshen Afrilu rana tana tsayawa cak a bisa kai da tsakar rana. Kwanon da ya yi tsatsa ko mai duhun launi yakan kai digiri 60 zuwa 70 a irin wannan lokaci. Zafin yana sauka kan silin, silin ya gasa ɗaki, bangon bulo ya sha ya ƙoshi, sai bayan isha ya fara amayar da shi. Shi ya sa ƙarfe goma sha ɗaya na dare za ka ji waje ya yi dama-dama, ɗaki kuwa kamar tanda.

Abu mafi arha da ke kawo sauƙi na gaske shi ne farin fenti a bayan kwanon. Yadda ake yi: a share ƙura, a wanke da ruwa da omo, a kankare tsatsa da burushin ƙarfe, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa a wuraren da suka ci, sannan a yi farin fenti shafi biyu, a bar na farko ya bushe sosai kafin na biyu. A yi aikin da sassafe, a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris bayan hazo ya lafa. Inda ake samun matsala guda uku ne. Wasu suna shafawa a kan ƙura, sai fentin ya ɓare kamar fatar maciji tun kafin damina ta raba. Wasu suna yi da rana tsaka, kwano yana tafasa, fentin ya bushe kafin ya kama. Wasu kuma suna mantawa cewa hunturu yana mayar da fari ya koma ruwan ƙasa, alhali farin ne ke mayar da hasken rana, saboda haka duk shekara sai an wanke rufin kafin bazara. Mai aikin ya riƙa taka kan layin ƙusa inda katako yake, in ba haka ba zai lotsa maka kwano ka shiga yoyo. In kuwa wata rana za ka sake rufi, ina roƙonka ka guji baƙi da ruwan goro da ake yayi yanzu. Kyau ne a ido daga titi, azaba ce ga na ciki.

Na biyu, sararin da ke tsakanin kwano da silin. A gidaje da yawa magina sun toshe shi ruf, iska mai zafi ta taru ba ta da mafita. A fasa ƙofofin iska a bangon da ke ƙarshen rufin, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, kowace kamar faɗin bulo ɗaya ko biyu, a sa raga saboda jemage da ɓera da tsuntsaye. In akwai hali, a shimfiɗa abin tare zafi a saman silin. Farin soson nan irin wanda ake naɗo firji da talabijin a ciki, mai kaurin santimita 5, yana aiki sosai, amma yana kama wuta, don haka dole wayoyin lantarki su kasance cikin bututunsu, kada soson ya taɓa mahaɗar waya. Akwai kuma takardar aluminiyam mai ƙyalli da ake sawa ƙarƙashin kwano. Ita sharaɗinta a bar tazarar iska ta yatsu biyu a gefenta mai ƙyalli.  Ɗakin da ba shi da silin sam, to silin ne aikin farko, kafin fenti ma.

Masu shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwano ba su yi kuskure ba, inuwa ce kuma tana rage zafi. Sai dai a ɗaure ta da kyau, a nisanta ta da madafa, a kuma sauke ta kafin ruwan farko, domin tana riƙe danshi ta cinye kwanon.

Bayan rufi sai bangon yamma. Ranar la'asar tana dukansa kai tsaye daga ƙarfe biyu har faɗuwarta, kuma galibi ɗakin da ke jikinsa shi ne wanda ba ya kwantuwa. Ka tsaya a gidanka da ƙarfe huɗu ka ga wane bango ne rana ke ci. Shi za ka yi wa farin fenti ko farar ƙasa, ka kafa masa rumfar zana ko asabari da tazarar taku ɗaya daga bangon don iska ta ratsa. Labule a cikin ɗaki bai kai rumfa a waje ba, domin kafin zafi ya iso labule ya riga ya shigo. In Hajiya a wannan ɗakin take, a canza mata zuwa na gabas ko wanda ke tsakiya, ko da na watanni uku ne kawai.

Maganin da ya fi ɗorewa bishiya ce. Darbejiya tana jure fari, tana da inuwa a daidai lokacin da ake bukata. Mangwaro ma haka, in akwai ruwa. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a dasa a watan Yuli lokacin da ruwa ya zauna. Rani biyu na farko tana bukatar kamar jarka ɗaya ta ruwa sau biyu a mako, ruwan wanke-wanke da na alwala ma ya isa, sannan a kewaye ta saboda awaki. A bar aƙalla mita 4 zuwa 5 tsakaninta da bango da ramin masai. Ceɗiya da durumi na ƙofar gida ne mai fili, a ƙaramin gida jijiyarsu tana fasa harsashi. Kafin bishiyar ta girma, shuka soso ko wani abin yaɗo a jikin rumfa yana ba da inuwa cikin damina ɗaya.

Sai maganar taga, wadda mutane da yawa ke yi a juye. A bazara daga wajen ƙarfe goma na safe iskar waje ta fi ta ɗaki zafi, buɗe taga a lokacin shigo da wuta ne. A rufe tagogi da ƙofofi da rana, a buɗe su duka bayan magariba idan waje ya huce, a bar su har hantsi, domin lokacin da gari ya fi sanyi shi ne gab da fitowar rana. Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita, saboda haka a buɗe ɓangare biyu masu kallon juna, ko taga da ƙofa. In akwai wuta da yamma, a ajiye fanka a bakin taga tana kallon waje na rabin awa, za ta tura zafin ɗaki waje ta jawo iska ta ɗaya ɓangaren. A wanke ragar taga, don ƙurar hunturu tana toshe ta har ta hana rabin iskar wucewa. Tagar aluminiyam mai zugewa kuwa rabi kawai take buɗewa komai ka yi, mai sabon gini ya san da wannan.

Fanka tana da iyaka. Aikinta ta busar da gumi, ba ta sanyaya iska. In zafin ɗaki ya kai digiri 40 kuma iska a bushe take, fanka kaɗai tana iya ƙara wa jiki zafi, musamman tsofaffi da guminsu ya ragu. A irin wannan rana a jiƙa fata ko riga tukuna, sannan a kunna ta. Daga Maris zuwa tsakiyar Afrilu iskar Kano a bushe take ƙarau, don haka jiƙaƙƙen zane a bakin taga, yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma, da na'urar nan mai hura iska ta cikin ruwa, duk suna aiki. Da iskar kudu ta fara kawo laima a watan Mayu da Yuni, sai su daina, su ma ƙara wa ɗaki nauyi. Lokacin nan iska mai motsi kawai ake bukata. Wannan dalilin ne ya sa ruwan randa ya fi sanyi a bazara fiye da damina. Shi ne kuma sirrin tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Tumatir da tattasai da alayyafo suna ƙara kwanaki a ciki. Masu ciwon sukari ma da ba su da tabbacin firji suna iya ajiye allurar insulin da suke amfani da ita a ciki, a cikin gwangwani mai murfi don kada ta jiƙe, tunda ba a so ta wuce digiri 30.

In ka kai ga sayen sola, yi lissafi kafin ka je kasuwa. Fankar sama ta lantarki tana cin wat 70 ko kusa da haka, fanka mai aiki da batir kai tsaye kuwa wat 15 zuwa 25. Batir mai lamba 100Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma in irin mai ruwa ne ko makamancinsa rabi kawai ya kamata a sha, wato 600, in ana so ya yi ƙarko. Fanka biyu masu wat 20 na awa goma sun ci 400, saura ya ishi ƙwan lantarki biyu da cajin waya. Faifan sola mai wat 200 zai cika shi a yini. Abin da ke kashe kayan nan a Kano biyu ne: ƙura da zafi. A goge faifan da sassafe duk mako, kada a watsa masa ruwan sanyi da rana yana da zafi. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kwano. Batir kuma a ajiye shi a wuri mafi sanyi mai iska a gidan, domin duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa.

Yanzu jikin mutum, kuma nan ne nake so ka fi kula saboda Hajiya da yaran. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai jiki ya bushe bai sani ba. Kada a jira ta nema, a ajiye mata kofi kusa, a riƙa miƙa mata kaɗan-kaɗan duk yini. Ma'auni mafi sauƙi fitsari ne: in ya yi ja kamar shayi ko ya ragu, ruwa bai isa ba. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, a bazara sukan sa jiri in mutum ya miƙe tsaye. Kada a dakatar da magani a gida. A kai ta a auna ta a farkon Maris, a gaya wa likita halin zafin ɗakin, shi zai ce ko a rage ko a canza. In kuma tana da ciwon zuciya ko na ƙoda da aka ƙayyade mata ruwa, maganar likitanta ce gaba da tawa. Jariri da bai kai wata shida ba nono kawai, komai zafi, sai dai a yawaita ba shi, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Ba a barin yaro a mota a rufe ko na minti biyar.

Mai aikin ƙarfi a rana, magini ko ɗan dako a kasuwannin Singa da Dawanau ko mai adaidaita sahu, yana bukatar kamar rabin ledar fiya wata duk minti ashirin, kada kuma ya wuce leda uku a awa ɗaya. Aikin da ya fi nauyi a ture shi zuwa bayan asuba ko bayan la'asar. Zoɓo da kunun zaƙi da tsamiya suna da kyau, amma sukarin da ake zuba musu yanzu ya yi yawa, ruwa zalla shi ne asali. Ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, a sanyaya abin sha da ita daga waje, kada a jefa ta ciki. Azumi yana ja baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, yanzu yana barin bazara yana shiga hunturu, amma masu ramuwa da nafila su rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur maimakon su ɗirka shi lokaci guda.

Ka san bambancin galabaita da bugun zafi. Wanda ya galabaita yana gumi, kansa na ciwo, yana jiri, amma yana cikin hankalinsa. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In babu na leda daga kemis, a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. In ya fi hawaye gishiri a baki, an zarce, a sake. Wanda kuwa ya fara sambatu, ko ya ruɗe, ko ya faɗi, jikinsa rau kamar garwashi, wannan rai ne a hannun Allah. A kwarara masa ruwa a duk jiki, a yi ta fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Bazara kuma lokacin sanƙarau ne. Kano ba ta manta da annobar 1996 ba. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar iska yana yaɗa cutar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga a jariri, ba a kwana da su a gida. Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na cutar a 2024. Duk lokacin da aka zo rigakafi a unguwa, a fito da yara, a kuma duba katinsu ko an yi musu ta ƙyanda.

Mu koma kan ruwan da ke shigo maka. Ga lissafin da zai nuna maka girman abin: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, yana zubar da lita 5,000, wato duro 25. Ka ninka da yawan gidajen layinku, ka tuna kowa ya malale tsakar gidansa da siminti, za ka ga dalilin da kwata ba ta iya ɗauka ko da babu leda a ciki. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022 ta nuna cewa ko tsakiyar kasuwa ba ta tsira ba in hanyar ruwa ta toshe.

Gyaran hanyar ruwa aikin watan Mayu ne. Ka fara da gano ta ina ruwan ke shigowa, don magani ya bambanta. In ta bakin ƙofa ne, a ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu a yi masa filasta ciki da waje, a yi ɗan tudu mai gangara saboda Hajiya da babur. In ta rariya yake dawowa, to bakin rariyarka ya yi ƙasa da ruwan kwata, a ɗaga shi, ko a sa masa murfin da ke buɗewa waje kawai. Tsakar gida ta gangara zuwa rariya da santimita ɗaya ko biyu a kowace mita. A ɗora bututun tara ruwa a bakin kwano zuwa duro ko tanki: ka rage abin da ke zuba a layi, ka kuma huta da sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Ruwan farko na damina da na mintunan farko na kowane ruwa a bar shi ya zube, ƙura ce da kashin tsuntsu. Duro a rufe shi ruf, domin sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana bakwai zuwa goma.

Kwata kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. In ka yashe ta ƙofarka na ƙasa da kai bai yashe ba, ruwan a wurinka zai tsaya. Ku yi magana a masallaci, ku sanar da mai unguwa, ku fara yasa daga inda ruwan ke fita ku hauro sama. Abin da aka kwaso a kwashe shi a ranar, don in aka tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi. Sannan a ja kunnen masu zuba ƙasa da ɓaraguzai a ƙofarsu su ɗaga ta fiye da layi, ruwan da suka kora gidan maƙwabci yake faɗawa, wannan haƙƙi ne.

Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, shi ke yaye rufi. Kafin lokacin a hau a duba: ƙusar da ta ɗago a canza ta da mai hula, katakon da gara ta ci a sauya, a ɗaure katakon rufi da jikin gini da ƙarfe ko waya mai kauri, musamman kusurwoyi da bakin gabas. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi ba ɗauri ba ne, in iska ta yi ƙarfi su ne ke faɗo wa mutane. In akwai katangar ƙasa a gidan, gindinta ake tsaro, domin ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa: a yi mata yaɓe kafin ruwa, a tsawaita indararo ya zuba nesa da ita, kada ruwa ya kwanta a jikinta. Bangon da ya tsage ko ya fara kumburi ko danshi ya hau shi har gwiwa, kada kowa ya kwana a gindinsa daren da ake ruwa.

Ranar da ruwa ya shigo, a kashe wuta daga babban makunni kafin a taka shi. Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu kaɗan yana iya kayar da babba, mai zurfin santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, ga kwatocin da ba su da murfi sun ɓace a ƙarƙashinsa. A tsare yara a gida har ya janye. Bayan ambaliya a ɗauka ruwan rijiya ya haɗu da na masai, tunda a yawancin gidajenmu tazararsu ba ta kai mita 30 da ake so ba. A tafasa ruwan sha, ko a sa masa sinadarin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira rabin awa. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa alamar kwalara ce, a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take a tafi asibiti. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida duk wata da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Na kwana uku ne a jere, su ba da na farko, sauran biyun a hannun uwa suke, kuma nan ake yawan yin sakaci. Masu kwana a tsakar gida su ɗaura gidan sauro a can ma. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara da na kwana uku-uku, gidajen rediyo suna karantawa, yana da kyau a riƙa saurara.

Hunturu ba ka tambaya ba, amma kalma biyu. Ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tana da laushin da ke ratsa rawani da takunkumin yadi, mai asma ya nemi irin N95 ya kuma riƙe abin shaƙarsa kusa. A goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, a shafa man kaɗanya a ƙafa da leɓe, da ɗan basilin a bakin hanci ga yaron da ke haɓo. Kaskon gawayi ba ya kwana a ɗaki a rufe, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane cikin barci, haka ma janareta a zaure ko gindin taga. Hitar dafa ruwa kuma a zare ta daga soket da zarar an ɗauke wuta, domin yawancin gobarar da take jawowa tana tashi ne lokacin da wutar ta dawo kowa ya yi barci, ruwan bokitin ya ƙone, roba ta kama.